Kalmar da Rabi Ta Tsallake

Gaya

A bakin kogin Gaya aka ce kowa ya sauka daga kar, babbar motar da ta kwaso mu, wai gada a rufe take, sai dai kwalekwale. Ni da ruwan da ya fi girma a idona shi ne tabkin bayan garinmu Kona in damina ta yi kyau, sai ga ni tsaye gaban ruwan da mutanen wancan gefen suka koma kamar kiyashi. Na ce wa ƙanwata Rabi, "Ke, wanga ruwa duk ina za shi, bai gajiya?" Ta ce, "Yaya, don Allah riƙe jakar takardu da kyau, ki bar tambaya."

Tambaya kuwa ban bari ba har muka dawo.

Mu uku ne: ni, da Rabi, da mijinta Isufu. Lome za mu, ƙasar Togo, wata likita, wato asibiti, da ake haɗa ƙwan mace da ruwan mijinta a waje, in ya fara zama ɗa a mayar da shi cikin mahaifa. Shekara goma sha ɗaya da aurensu, ko ɓari Rabi ba ta taɓa yi ba. An sha rubutu, an sha jiƙo, an je Maraɗi har aka tsaga ta aka cire mata ƙari a mahaifa, daga baya lokotoro ya ce hanyoyin da ƙwai ke bi sun toshe. Isufu ya sayar da bijimansa na noma ya haɗa da abin da ya tara a fataucin wake. Ya ce tafiyar nan guda ce, ba ta da ta biyu.

Ni kuwa ba don iya tafiya aka ɗauko ni ba. Tasawa da ke nan kusa sai in yi wata uku ban leƙa ta ba. Uwar Isufu ce, Inna Tabawa, ta aiko aka kira ni, ta ce, "Uwar Biyu, ke za ki raka ta. An ce can mutum ke faɗin ko nawa za a sa mashi. Ƙafarki ta ƴan biyu ce. Ki tsaya a kai a sa biyu, in da hali uku, a huta gaba ɗaya."

Sunana na yanka Hadiza, amma tun da na haifi tagwaye shekara ashirin da shida da suka wuce ba mai kira na da shi. Hasan na nan, tela ne a Tasawa. Husaini ya koma yana da kwana tara. Sunan dai ya zauna mani. Na ce wa Inna to, don a lokacin ban ga abin ƙi ba, kuma gaskiya ina son in ga yadda ake zuba ɗan mutum da awo.

A cikin kwalekwale aka cusa mu tsakanin buhunan albasa da babur biyu. Da ruwa ya fara jijjiga mu, wata Bazabarma da ban taɓa gani ba ta kama hannuna ta matse, ta yi ta faɗa mani wani abu da yarensu. Ko kalma ban ji ba, amma murya ce irin wadda ake lallashin tunkiya mai naƙuda, kuma ta yi mani aiki.

Kwatano

Kwana da yini muka yi muna keta ƙasar Benin. Ƙasa ta yi ja, itatuwa suka yi ta ƙara tsawo, gero ya ɓace daga gonaki, sai doya da masara. Muna sauka tashar Kwatano wani mutum mai farin kaftani ya tare mu da fara'a.

"Ƴan Nijar! Daga ina?"

Isufu ya ce Tasawa.

"Kai! Ai ni ɗan Mayahi ne. Gida ya zo!"

Kafin mu ankara ya saɓa buhun guzurinmu a kafaɗa. Cikin taku goma ya tatsi Isufu duk abin da ya kawo mu. Ya ce ai likitar da za mu ta tashi, amma ya san wata da ta fi ta, can har huɗu ake sa wa mace, mu ba shi takardun ya je ya kama mana layi. Isufu har ya fara miƙo hannu wajen jakar da ke hammatata.

Ni dai kunnena bai kwanta da shi ba. Ɗan Mayahi cewa yake "hita", wannan yana cewa "fita" da wata irin tsabta kamar mai karanta labarai a rediyo. Na ce, "Malam, ya Ɗan Ladi mai rini na bakin kasuwa, ya ji sauƙi?"

Ya ce, "Garas! Da salla ma muka gaisa."

Na ce, "Allah Sarki. Yanzun nan na haife shi a bakina."

Ya yi dariya ya ce hajiya akwai barkwanci, bari ya samo mana taksi. Har yau yana samowa. Takardu sun tsira, amma garin geronmu da kilishi da busasshiyar tafasa sun bi ɗan Mayahi.

Zongon Lome

Mun sauka gidan wata Hajiya Memuna da ke ba baƙi hayar ɗaki. Hausa take ji, amma irin tasu ta can wadda ba ta raba mace da namiji. Ta dubi Rabi ta ce, "Wannan shi ne mai ciwon? Ya zauna nan, ya huta." Na waiga ina neman namijin. Cikin kwana uku ni ma na kama kaina ina ce wa Rabi "ya ci abinci?", tana harara ta.

Abincinsu tuwon masara ne mai tsami da miyar kifi. Na ci don kada in faɗi. Ran nan Hajiya ta same ni zaune bakin ƙofa ina kallon bango, ta ce me ya faru, na ce ba komai, awakina nake tunani, da ko an tuna an rufe rumbu. Da la'asar sai ga ta da tiyar gero da aron turmi. Na daka, na yi mana fura. Matan gidan suka kewaye ni suna kallon luguden da nake yi ni kaɗai ina tafa hannu. Ranar na yi barci.

Teku kam ban yarda da ita ba. Ruwa ne da ke zuwa ya koma, ya zo ya koma, kamar mai son faɗin magana yana jin nauyi.

Likita

Lokotoron mace ce, gajeriya, da tabarau rataye a wuya da igiya. Faransanci take yi. Rabi ta yi lakol har aji biyu na kolej, don haka ita ke juya mani. Aka fara yi mata allura a fatar ciki kullum safe, kwana goma sha ɗaya. Duk bayan kwana biyu a yi eko, a nuna mana wasu baƙaƙen ramuka a talabijin kamar gurbin dara, a ce ƙwai ne ke girma ciki. Na ce a tambayar mani ko suna da ɓawo. Lokotoro ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce ƙwan mace bai kai kan allura ba. Na ce to da me ake kama shi? Ta ce da allura. Na ce ikon Allah, Rabi ta taka mani ƙafa.

Ran da aka ciro ƙwan, tara aka samu. Isufu kuma aka ba shi ɗan kofi aka nuna mashi wani ɗaki. Da ya fito bai dubi kowa ba. Ni yayar matarsa ce, akwai kunya tsakaninmu, sai na duƙufa nazarin fankar da ke sama kamar ni za a ba gyaranta.

A ranar ƙanensa ya aiko da saƙon murya cewa an yi ruwan shuka a Kona, ƙasa ta jiƙa har gwiwar hannu. Manomi ba ya jin wannan ya zauna. Isufu ya sa hannu a takardun da aka ba shi, da safe ya kama hanya. Abin da ya ce mani a bakin ƙofa shi ne, "Yaya, amana. Duk abin da ya kama a sa shi."

Daga nan kullum sai an kira talhon Rabi a faɗa mata labarin ƙwan, kamar mai kiwon ƴan tsaki da ke ba da rahoto. Tara suka koma shida. Shida suka koma huɗu. Ran kwana na huɗu aka ce mu zo, biyu ne suka yi ƙarfi, gobe taransifer. Ni taransifer ɗin da na sani shi ne wanda Hasan ke yi mani ta talho in salla ta zo. Ashe nan mayar da ɗan cikin uwarsa ake nufi.

Muka zauna gaban lokotoro. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta jawo takarda ta zana mahaifa, ta ja wani layi a jikinta ta nanata shi da biro. Ta rubuta ɗaya, ta rubuta biyu, ta kewaye ɗayan. Ta yi magana mai tsawo tana duban Rabi cikin ido. Da ta tsaya na ce, "Me ta ce?"

Rabi ta ce, "Ta ce komai lafiya. Gobe za a sa biyun."

Na ce, "Ke, ta yi magana mai tsawon igiyar guga, ke kin miƙo mani taƙi guda?"

"Haka Faransanci yake, Yaya. Yawa gare shi, ba ciki."

Da na yarda. Amma cikin dogon zancen nan akwai kalma guda da ta faɗo kunnena har sau biyu, kuma na san ta. Kubes.

Shekara ashirin da shida baya, a likitar Tasawa, ina kwance tsakanin farkawa da suma, mata biyu masu karɓar haihuwa suna tsaye a kaina. Ɗaya ta ce "pa de kubes", ɗayar ta yi tsaki mai taushi irin na tausayi. Shi ke nan abin da na ji. Na riƙe kalmar nan duk shekarun nan ban san ma'anarta ba. Wani lokaci in ce sunan ciwon da ya ɗauke Husaini ne, wani lokaci in ce magani ne da ya ƙare. Ni da ke tambayar ko ƙwai na da ɓawo, wannan guda ban taɓa tambayar kowa ba.

Hawa na biyu

Akwai wata ma'aikaciya a likitar, Salamatu, ƴar Sokode, kakarta Bahausa ce. Ita ke canza zanen gado tana auna tansiyo, wato hawan jini. Da Rabi ta shiga a ɗebi jininta na tare Salamatu a baranda na ce, "Ɗiyata, mene ne kubes?"

Ta ce, "Faɗi ko gani?"

Na ce gani.

Ta hau da ni sama, ta ba ni wasu takalman leda na sa, ta tsayar da ni bakin wata taga. Ciki akwatunan gilashi ne jere, kowane da ƙofofi biyu zagayayyu daidai shigar hannu. A cikin na kusa da mu akwai jariri da bai fi tafin hannuna da ɗan ƙari ba, da ƴar hula, da siririn tiyo a hanci. Ƙirjinsa na bugawa kamar na ƙadangare a rana. Kusa da shi wani akwatin, wani jaririn irinsa. Tsakaninsu wata mata zaune kan kujera, hannu ɗaya cikin wannan, hannu ɗaya cikin wancan.

Salamatu ta ce, "Tagwaye ne, wata bakwai suka zo. Akwatin na riƙe masu ɗumi irin na cikin uwa har su ƙarasa. Shi ne kubes."

Ashe akwati ne. Ba ciwo ba, ba magani ba. Akwati mai ɗumi, kuma cewa matan nan na Tasawa suke babu shi. Ni da zane uku na naɗe Husaini na cusa shi tsakanin nonuwana, aka riƙa ɗuma kwalba da ruwan zafi ana jingina mashi.

Na daɗe a tagar. Abin mamaki ban yi kuka ba, kallo nake: yadda aka yi ƙofofin, inda ɗumin ke fitowa, ƴar fitilar da ke ƙiftawa. Sai da muka sauko na ce, "To me ya kawo kubes cikin zancen ƙanwata?"

Ta ce, "Mama, wannan ba bakina ba ne. Ki tambaye ta."

Barandar Hajiya

Na bari sai da muka yi la'asar. Na zuba gero a faifai ina tsince tsakuwa, na ce, "Rabi, yau na ga kubes."

Can ta ce, "Wa ya kai ki?"

"Kunnena. Faɗa mani abin da matar nan ta ce, duka, har tarin da ta yi."

Ta faɗa. Layin da aka ja a takarda tabon aikin Maraɗi ne. Mahaifar da aka taɓa tsagawa, in ta ɗauki biyu, tana iya buɗewa ta nan kafin lokaci. Ga tansiyonta da ke hawa. Ƴan biyu kuma sun fi zuwa ba su isa ba, Kona kuwa nesa take da kubes, nesa da inda ake ƙarin jini. Shawarar lokotoro a sa ɗaya gobe, ɗayan a daskarar da shi a ajiye. Ta ce sa su bi da bi bai rage sa'ar samun ɗa ba, haɗa su ne ke jawo tagwaye. Amma zaɓi na Rabi ne.

Na ce, "To don me kika ɓoye mani?"

"Don na san ki. Yaya, in aka sa ɗaya bai kama ba, da me za mu dawo? Bijimai sun tafi. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa sunan mutane ina riƙe masu jarirai su ci abinci. In mutuwar ce, in mutu da ciki, a ce dai Rabi ta taɓa ɗauka." Ta share hanci da bakin gyale. "Ke ba biyu kika haifa ba? Ina tune da sunan. Raguna biyu. Mata na ta guɗa, ana cewa gidanmu ya yi baƙin arziki."

Shekararta takwas a lokacin. Ragunan ta gani.

Na ajiye faifan na ba ta sauran. Yadda ƙafafuna suka kumbura tun wata shida har takalmi ya ƙi shiga, ana ce mani ai haka cikin biyu yake. Yadda jijjiga ta kama ni a amalanken shanu kan hanyar Tasawa, na tauna harshena. Na fiddo harshen na nuna mata tabon, ba ta taɓa lura da shi ba. Kwana uku ban san na haihu ba. Ran sunan da take tunawa, jingine ni aka yi da bango aka tare ni da matashi ta kowane gefe don kada in kife gaban baƙi. Kukan Husaini bai taɓa wuce na ɗan kyanwa ba, ran na tara ya daina. Daga su kuma ban ƙara ɗaukar ciki ba.

Na ce, "Ni kuwa ba a taɓa tsaga tawa mahaifar ba. Lafiyayya ce, kuma shekarata ashirin da biyu."

Ta ce, "Me ya sa ba ki taɓa faɗi ba?"

"Wa zai ji? Ana kiran ki Uwar Biyu da murna, sai ki tsaya ki ce wa mutane ku dakata?"

Ta ɗan yi murmushi. Sai ta ce, "Isufu ba zai yarda ba. Inna ma."

Na ce ta kira shi ta ba ni. Tun da ya auri Rabi ban taɓa yi mashi magana ta wuce gaisuwa da sai an jima ba. Na same shi a gona, ina jin iska cikin talho da muryar masu bin sa da iri. Na faɗa mashi abin da lokotoro ta ce ban rage ba.

Ya ce, "Yaya, ke ma manomiya ce. Tun da kike, kin taɓa ganin wanda ya sara rami da sungumi ya jefa ƙwayar gero guda? Ai tsunkule ake zubawa, wanda Allah ya nufa shi hito."

Na ce, "Ban taɓa gani ba. Amma in ya hito ya yi cunkoso, bayan sati uku me kake yi?"

"Cira mana. A rage, a bar masu ƙarhi."

"To nan ba a cira, Isufu. In duka biyun suka hito, ramin kuwa bai ɗauka, wa za ka cire? Na dama, ko na hagu, ko Rabi?"

Na ji jaki ya yi kuka can nesa, na ji wani na tambayarsa ko a ci gaba. Na zaci layi ya yanke. Can ya ce, "Ba ni ita."

Na miƙa mata na koma kan gerona. Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Da ta fito idanunta sun yi ja, ba ta ce mani ga abin da suka yanke ba, ni kuma wannan karon na kama bakina.

Taransifer

Da safe aka sa ta shan ruwa har ta fara rawa a kan kujera. Lokotoro ta shigo ta tsaya gabanta ta yi tambaya gajeriya. Wannan ko ni na ji ta. Rabi ta dube ni, ta dubi takardar jiya da ke kan tebur, ta ɗaga yatsa ɗaya.

Aka nuna mana hotonsa tukuna. Wani ɗan zagaye ne mai ƙuraje ciki kamar kumfar sabulu. Na duba ta sama, na juya ta ƙasa, ban ga kamar Isufu ba, ban ga ta Rabi ba. Aka kawo shi cikin siririn tiyo da bai kai tsinken tsintsiya ba. A talabijin wani ɗan farin ɗigo ya ƙyalla ya tsaya. Lokotoro ta cire safar hannu.

Na ce, "Shi ke nan?" Kogin Gaya, da ɗan Mayahi, da allurar kwana goma sha ɗaya, ashe duk don abin da bai kai tsawon alwala ba ne.

Na tambaya ko ramukan hanyar Benin ba za su zazzago shi ba. Salamatu ta ce in ƙwayar riɗi ta shiga tsakiyar tuwo, girgiza kwano ba ya fiddo ta. Sai na roƙi a nuna mani inda za a ajiye ɗayan. Suka yi shawara tsakaninsu, suka bar ni na leƙa daga bakin ƙofa. Wani tulun ƙarfe ne da ya kai mani ƙugu. Da aka ɗaga murfin, hayaƙi ya fito, amma maimakon ya tashi sama sai ya gangaro ƙasa yana bin tayil. Na ce in aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, fa? Aka ce ba ruwansa da kuran, wani ruwa ne da ya fi ƙanƙara sanyi. Na ce ba ya jin ciwo? Aka ce bai san komai ba, ko shekara nawa ya yi yadda aka sa shi haka za a same shi. Na karanta abin da na iya na tofa daga nesa.

Kwana goma sha biyu muka jira. Rabi na tafiya a hankali kamar mai ɗauke da cikakkiyar ƙwaryar nono. Ni kuma in ta yi shiru sai zuciyata ta ce, ke kika hana ta, in bai kama ba da wane ido za ki dube ta? Ran na sha biyu aka ɗebi jini. Da azahar lokotoro ta kira. Rabi ta saurara, ta ajiye talho, ta zauna daɓas a ƙasa ta ce, "Yaya, ba ni ruwa." Na ce ki faɗa mani tukuna, kuma kada ki rage. Ta ce, "Ya kama." Hajiya Memuna ta fito da gudu tana cewa, "Ya samu ciki! Yarinyar ya samu ciki!"

Kona

Mun iske gero ya kai gwiwa. Isufu ya tarbe mu a tasha yana ta washe baki, amma da muka doshi gida ya rage murya ya ce, "Yaya, Inna fa ban faɗa mata ko nawa ba. Na ga ke ta aika."

Na ce, "Allah ya saka maka."

Na same ta a inuwar zaure tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya, ta ce ta ji abin arziki. Sannan ta ce, "Nawa?"

"Ɗaya, Inna."

Hannunta ya tsaya. "Da biyu na aike ki."

"Da biyu kika aike ni."

Na zauna na ba ta labari tun daga layin da aka ja a takarda. Tana ji tana ɓara, ba ta dube ni ba. Da na gama ta ce, "Ɗayan lalacewa ya yi?"

"Lafiya lau yake. Yana can an ajiye shi cikin sanyi."

"Wane irin sanyi?"

Na kwatanta mata tulun da hayaƙin da ke gangarowa ƙasa. Ta ajiye gyaɗar.

"Shi kaɗai?"

"Akwai na wasu mutane tare da shi."

"Ɗiyan wa?"

"Ban tambaya ba, Inna."

"Ke da ba ki barin tambaya! Kun baro mani jika cikin ƙanƙara a ƙasar mutane, ko zane ba ku rufa mashi ba, ba ku kuma san da ɗiyan wa yake kwana ba?"

Ta dafa bango ta miƙe, ta ƙwala wa Isufu kira. Ya zo ya durƙusa. Ta ce, "Karsanata da ke hannun Fulani a Isawane, kada wanda ya taɓa ta, ko yunwa ake, ko biki. In wanga na ciki ya sauka lafiya ya yi ƙafa, ita za a sayar a je a ɗauko ɗan'uwansa."

Isufu ya ce to. Ta juyo kaina tana kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta.

"Ke kuma da kika baro shi, ke za ki koma."